Faifan da Ya Modu Bai Rataye Ba

Matso kusa, mai karatu, gyara zama. Maganar da zan yi maka ba irin wadda ake ɗaga murya a faɗa ba ce. Daminar nan da muke ciki ita ta cika wa yayana, Ya Modu, shekara goma a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na san a irin wannan shafi yabo ake jerawa, a ce mamaci mai haƙuri ne, mai zumunci ne, a shafa fatiha a tashi. Zan yabe shi, don ya ci a yabe shi. Sai dai ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, kuma akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro wanda shekara goma ba ta haɗiye mini shi ba. Kishi nake yi. Tsohuwa da jikoki, ina kishi a kan faifai.

Sunana Fanna. A Maiduguri aka haife ni, kuma in ka cire shekarun da na yi a gidan miji, a tsakar gida ɗaya na tsufa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausata ta maƙwabta ce da rediyo, in ka ji ta karkace ka yi mini uzuri. Ba ni da yawo. Ko Kasuwar Litinin sai galura ta ƙare mini nake leƙawa. Abu uku na iya a duniya: girki, haɗa turaren wuta, da saƙar faifai. Sai kuma kunne, wanda Allah ya ba ni kyauta. Da maigidana ya rasu na dawo gidan ubanmu, na tarar Ya Modu ma tasa matar ta riga shi, bai kuma sake aure ba. Tun daga nan tukunyarsa ta koma hannuna.

Aikinsa kuwa, har mahaifiyarmu ta koma ga Allah ba ta gane shi ba. In an tambaye ta sai ta ce ɗanta gadin tsofaffin tukwane yake yi wa gwamnati. Wani ƙaramin gidan adana kayan fasaha yake riƙe da shi a cikin gari. Ba ya zane, ba ya sassaƙa, ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba. Aikinsa zaɓe ne. Ya shiga ƙauyuka, yau Zabarmari gobe Konduga, ya duba abin da hannun mutane ya yi: hula, tabarma, ƙwarya, sirdi, zanen ɗalibai. Cikin ɗari ya ɗauki ɗaya. Ya kawo ya rataye a farin bango, ya san inda haske zai sauka a kai, ya san abin da zai zauna kusa da shi, ya rubuta sunan mai shi a 'yar takarda ya liƙa a ƙasa. Shi ke nan, abin da jiya ake shanya kuɓewa a kai, yau sai a zo daga nesa a tsaya a gabansa ana gyaɗa kai. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Nasa idon ya sani, wannan ban taɓa musu ba.

Yana da wata tsayuwa da duk wanda ya san shi ya san ta. In abu ya kama shi, sai ya yi shiru, ya ja da baya kaɗan, ya mai da hannuwansa baya ya harɗe, ya karkatar da kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa. In Ya Modu ya yi wa abu wannan tsayuwa, to abin ya haye.

Yanzu ka ji nawa. A unguwarmu ba a kai abincin amarya sai an rufe shi da faifaina. Tun ana sa rana iyaye mata ke turo mini. Tsintsiya a ciki, kaba a waje, ɗinkina a matse yake har basilla ba ta samun wurin shiga sau biyu, rinina kuma ba ya zuba ko ruwa ya taɓa shi. Ba yabon kai ba ne, tambayi duk wadda aka aurar a layinmu. Kuma kullum ta Allah, safe da yamma, a ƙarƙashin faifaina abincin Ya Modu ke zuwa gabansa. Ya ɗaga, ya kife a gefe, ya sa hannu a tuwo. In baƙo ya yaba sai ya ce, "Aikin Fanna ne," ya ci gaba da lomarsa. Mutumin da zai sha rana har bakin tafki don ganin ƙwaryar wata tsohuwa, bai taɓa ja da baya ya dubi abin da ke kan kwanonsa ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa, da sigar wasa, tun gari na lafiya. Na ce bangon nan nasa ya ƙi 'yan gida ne? Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "In na rataye naki, da me za ki rufe mini tuwo?" Na yi dariyar ni ma. Amma ka san irin dariyar da ake yi da baki, ciki na ajiye lissafi.

Sai gari ya rikice. Ba sai na ba ka labari ba, kowa ya ji, wasunmu kuma jiki ne ya gaya musu. Aka hana babura, aka cika titi da shingaye, mutum ya sauka daga keke ya wuce da hannu a sama. Waya ta ɗauke, ka rasa lafiyar wanda ke bayan gidanka. Kunnen nan nawa ya koyi abin da bai so ba, har na iya rarrabe fashewar taya da wadda ba taya ba, tun kafin tsuntsaye su tashi daga kan darbejiya. Masu zuwa kallon kayan fasaha suka ɗauke ƙafa. Wa ke ta tukunya ana ta rai? Abokan aikinsa masu hanya suka nemi canjin gari. Shi kuwa kowace safiya sai ya sa hularsa ya tari keke napep. Na roƙe shi, na yi kuka, na haɗa shi da darajar iyayenmu. Ya ce mini gara ba ta san dokar hana fita ba, in ya zauna a gida ita za ta je aiki. A kan tsofaffin riguna da sirdi yake sa ransa a kasada, ni da nake dafa masa ina zaune da zuciya a hannu har sai na ji takunsa a zaure.

Cikin haka mutanen Konduga suka shigo gari, wasu da takalmi wasu babu. Kowane gida ya buɗe ƙofa, namu ma haka. Cikin waɗanda suka sauka mana akwai Ya Kaltume, 'yar uwa ta nesa ta wajen mahaifiyarmu. Da lafayar jikinta kawai ta zo. Ba ta faɗi abin da ta bari a baya ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na raba ɗakina da ita, na raba tufafina, kuma Allah shaida na so ta, har gobe ina son ta. Ka riƙe wannan, don kada ka yi mini mummunar fahimta in na ci gaba.

Ba ta da magana. Sai ta zauna gefena ina saƙa tana kallo. Na miƙa mata kaba ta ƙi karɓa, ta ce ta san hanyar daji a rufe take, kabar da ta rage mini ta amare ce. Wata rana na ga ta tsinto buhun da aka ba su tallafin hatsi a ciki, tana warware zarensa, fari da shuɗi. Ta haɗa da baƙar leda ta murza. Ta samo tsohuwar tsintsiyar shara ta wanke. Da waɗannan ta fara saƙa faifai. Ni da na san aikin, wallahi tausayi ya ba ni. Zaren buhu santsi gare shi, ba ya kama ɗinki, faifan ya fito a karkace kamar wainar da aka juya da gaggawa. Da ta kai baki kuma sai ta tsaya, ta bar tsinkayen a tsaitsaye. Na ce ta kawo in kashe mata bakin. Ta girgiza kai, ta ce a ɗakinta na Konduga za ta kashe shi, in Allah ya mai da ta.

Da la'asar Ya Modu ya dawo daga aiki. Faifan na yashe a kan tabarma, kusa da nawa guda uku sababbi fil, masu ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, sai ya tsaya cak. Na ɗaga kai. Ya ja da baya. Ya mai da hannuwansa baya ya harɗe. Ya karkatar da kai. Murna ta kama ni, na ce yau dai Allah ya kawo ranata. Sai na bi idonsa, na ga inda ya sauka.

Tsayuwar da na yi rabin rayuwata ina jira, a tsakar gidana aka yi ta, a gabana, aka yi wa buhun tallafi.

Ya durƙusa gaban Ya Kaltume kamar mai neman aure, ya roƙe ta ta ba shi aro. Kunya ta kama ta, ta rufe fuska da lafaya, ta ce wannan ai shara ce, ga na Ya Fanna nan masu kyau ya ɗauka. Ita ma ta san gaskiya, ka gani. Ya ce na Fanna suna da kyau, amma wannan yake so. Na tashi na shiga madafa, na hura wutar da ba ta mutu ba.

Bayan 'yan watanni ya shirya nuni, a lokacin da mai hankali ba ya tara mutane wuri ɗaya. Shi ne zuwana na farko gidan aikinsa. Na sha turare, na yafa lafayata ta biki, na je in ga abin da ya fi ni. Na ga hulunan da maza 'yan gudun hijira ke ɗinkawa a gindin bishiya. Na ga ƙyauren wani ɗaki da wuta ta ci rabinsa. Na ga fartanya da ba ta da gona. A tsakiyar bango kuma, shi kaɗai, fitila na haska shi, ga faifan buhu da bakinsa a buɗe, ga sunan Kaltume da sunan garinsu a ƙasa. Masu kallon ba manya ba ne, mutanen sansani ne da na gidajen aro, wasu ko sabulun wanki ba su da shi. Wata mata ta tsaya a gabansa, ta ce irin wannan tauraron na tsakiya a unguwarsu ake saƙa shi, ta kira sunan unguwar, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Wasu suka taya ta. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma na goge ido. Na gane abin da ya gani. Amma gane abu daban, yafe shi daban.

Da yamma na kai masa tuwo na rufe da murfin tukunya. Ya dubi murfin, ya dube ni.

"Ina faifaina?"

"Yana jiran bango," na ce.

Ya ci abincinsa. Haka muka yi kwanaki, ni da murfin tukunya, shi da shiru. Rannan ina tankaɗe sai na ga ya nufi ƙofar ɗakina, inda nake jera faya-fayai a kan akwati. Ya daɗe yana ɗagawa yana ajiyewa. Ya zaro wani mai ja da baƙi, ba ma shi ne ya fi kyau ba, ya zo ya ɗage murfin tukunyar ya ɗora shi a kan kwanon da kansa. Sannan ya zauna, ya sake ɗaga shi, ya kife a gefe kamar kullum, ya yi bisimilla. Dariya ta ƙwace mini ban shirya ba. Daga ranar wannan ya zama faifansa, ba a rufe wa kowa abinci da shi. Shi ya yi ta rufe masa tuwo da burabusko har ranar da ciwo ya kwantar da shi. Bai yi doguwar jinya ba. Wata safiya ana yayyafi ya cika, gari bai gama lafawa ba, bai ga an buɗe hanyoyi ba.

To, yau shekara goma. Ina zama ina tunanin abin da zai ce da zai leƙo.

Faifan buhu dai ya yi gaba. An kai shi Abuja, an kai shi Legas, an ce har ƙetare ya je a cikin akwati mai taushi kamar jariri. Ya Kaltume da ta shigo gidana ba takalmi, ta riga ni hawa jirgi. An ɗauke ta hoto, an buga a littafi. Ni da na ba ta basillar da ta yi ɗinkin, ko a gefen hoton ban fito ba. In abin ya motsa mini sai in ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sannan in yi istigifari, don ba ni aka kora daga gida ba. Ta koma Konduga yanzu, Alhamdulillahi. Duk kaka sai ta aiko mini da wake da busasshiyar kuɓewa, tana kirana uwar ɗakinta. Ina cin waken, ina sa mata albarka, kishin kuma yana nan inda yake. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni na yi wa gonar Kaltume aiki ba kaɗan ba.

Akwai abin da ya faru da ta koma gida, wanda har yau nake juya shi. Ta zo ta nemi faifanta, ta ce lokacin cika alkawari ya yi, za ta kashe bakinsa a ɗakinta. Masu gidan adanar suka shiga tsaka mai wuya. Suka ce buɗaɗɗen bakin nan shi ne maganar faifan, in an rufe shi an rufe labarin. Suka ce abin da aka rataye ba a ƙara masa ba a rage masa, su kansu sai da safar hannu suke taɓa shi. Suka ce amma nata ne, in ta dage za su ba ta. Ta yi murmushi, ta ce su riƙe, hannun da ya saƙa shi bai mutu ba. Ta je gida ta saƙa wani da kaba ta kashe bakinsa. Da Ya Modu na nan, da me zai yi? Wata rana in ce da ya naɗe mata kayanta ya raka ta tasha. Wata rana in ce a'a, mutumin da ya ƙi gara ta ci riga ba zai bar allura ta taɓa wannan ba. Na san yawan gishirin da yake so a miya, amma wannan ban sani ba.

Da zai shiga gari yau, zai ga abin mamaki. Zai ga 'yan mata suna saƙa faifan buhu da gangan, a karkace da gangan, su bar baki a buɗe, don an ce irinsa baƙi ke so. Kaba ta dawo kasuwa amma buhu ake nema. Zai ga masu zuwa daga nesa da na'urar ɗaukar hoto, in ka nuna musu abu mai kyau su kau da kai, sai wanda ya ƙone ko ya yage suke tambaya, kamar mu ba mu taɓa yin komai ba sai kuka. Ina jin wannan zai ɓata masa rai, ko da yake da hannunsa aka buɗe ƙofar. Zai ga kuma kowa da bangonsa a aljihu. Surukata ta ɗauki faifaina a waya ta sa wa duniya, kafin a yi azahar ta ce mutane sun yi ta yabawa daga garuruwan da ban san sunansu ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin bai kai magariba ba, don na ga irin yabon da suka yi wa faifaina shi suka yi wa hoton soyayyar kaza da ta sa bayansa.

Shi ya sa in na ji ana cewa aikin su Ya Modu ya kusa ƙarewa, wai nan gaba jama'a za su riƙa zaɓa da kansu, ko na'ura ta zaɓa musu, sai in yi tsaki. A tara jama'a a ji bakinsu, wannan daidai ne, da ma kayan nasu ne. Amma daga ƙarshe sai an sami mutum ɗaya da zai ce wannan, ba wancan ba, ya kuma koma gida ya ci tuwon wadda ya ƙi zaɓa. In waya ta ce komai na da kyau, to ba ta ce komai ba. Ni da aka ƙi ce ke gaya maka haka, kuma ban faɗa don na huce ba.

Wadda ke riƙe da gidan yanzu sunanta Bintu. Tana ɗaliba ya ɗauke ta ya koya mata aikin. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa shigo mini da takalmi ba. Amma ita ma ina da abin da nake ji game da ita. In ta yi magana a rediyo sai ta ce Babanmu ya ce kaza, Babanmu ya koya mana kaza. Babansu. Suna da maganganunsa a baki, suna da hotonsa a ofis, sun mai da shi nasu. Ni da na riƙe masa kai yana jinya, sai in ji kamar labarin wani baƙo ake ba ni.

Makon jiya ta zo. Muka gaisa, na haɗa mata ruwan tsamiya, muka taɓa hirar gari. Sannan ta ce suna shirya nuni don cikarsa shekara goma, kuma tana son faifaina ɗaya a ciki. Mai karatu, gwiwoyin nan da ke ciwo ban san lokacin da suka miƙe ba. Na buɗe akwati na fito da wanda na fi ji da shi, wanda na ɓata watanni a kansa na ƙi sayar wa kowa. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai tsabta irinsa ba. Ina jin daɗi, sai na ga idonta ya bar hannunta ya hau bango.

A can saman gadona, a jikin ƙusa, faifan Ya Modu yake. Jan ya koɗe, baƙin ya yi toka-toka. Ga tabon man miyar kuka a tsakiya, ga gefen da garwashi ya taɓa lasa, ga hayaƙin turare na shekaru ya dafa shi. Bintu ta ajiye sabon a kan tabarma. Ta miƙe. Ta ja da baya, ta mai da hannuwanta baya, ta karkatar da kai. Ban san ta gaji har tsayuwar ba.

Na ce mata wannan ba na nuni ba ne, tsumma ne. In aka rataye shi da sunana, duk wanda bai san ni ba zai ce iyakar hannuna ke nan. Shekara da shekaru ina jiran bango, sai a kai ni da tabon miya? Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi tambaya a hankali.

"Ya Fanna, yaushe rabon da ki rufe abinci da shi?"

Na ɗaga kai na dubi ƙusar.

"Ai kin riga mu ratayewa," in ji ta.

Gaskiyarta. Tun ranar da aka fita da shi na wanke kwanonsa, na ɗauki faifan na sa a ƙusa, ban sake saukewa ba. Ban taɓa kiran abin da na yi da wani suna ba. Ashe aikinsa na yi a ɗakina, ba fitila ba takarda. Bayan ta tafi na zauna ina haɗa ɗaya da ɗaya. Ƙyauren da ya rataye, ɗakinsa ya ƙone. Fartanyar, gonarta ta gagara. Faifan Kaltume, ba shi da kwanon da zai rufe. Abin da gidansa ya faɗi yake ɗauka ya ba shi bango. Nawa kuwa gidansa a tsaye yake, da kwanonsa, da mai ɗaga shi safe da yamma. Da na faɗa wa maƙwabciyata, ta ce to ai ga shi nan, girmama ki ya yi, amsar da ya ba ki tun farko ba wasa ba ce. Wataƙila. Amma baki gare shi. Me zai rage shi da ya ja da baya sau ɗaya, ya harɗe hannu, ya bar ni in gani? Wanda ya mutu ya huta da tambaya, na raye ke kwana da ita.

Me ya rage na Ya Modu? Bai bar gida ba sai na gado, bai bar abin da hannunsa ya ƙera ba. Ya bar sunayen mutane a ƙananan takardu, mutanen da ba don shi ba da sun wuce kamar ba a yi su ba. Ya bar wa wata mata daga Konduga wurin da ta zauna ta yi kukan unguwarsu. Ya bar tsayuwarsa a jikin 'yar wasu. Ni kuma ya bar mini faifai ɗaya da ya zaro da hannunsa daga cikin tari, da wannan kishi, wanda na lura in ya lafa sai in ji kamar Ya Modu ne ya ƙara nisa.

Na tambayi Bintu inda za ta sa shi in na bayar. Ta ce kusa da na Ya Kaltume. Na ce a sama ko a ƙasa? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kafaɗa da kafaɗa, kuma sunana za a rubuta, Fanna, wadda ta saƙa. Amma ba ta ɓoye mini sauran ba. In ya shiga, ya shiga ke nan. Gilashi za a sa masa. In na je gani, daga nesa zan tsaya kamar kowa.

Yau da hantsi na hau kujera na sauke shi. Inda ya tashi ya bar farin da'ira a bango, wurin da hayaƙi bai taɓa ba. Na kai shi hanci. Har yanzu da ɗan ƙanshin daddawa a ƙarƙashin turaren. Ga shi a cinyata ina wannan rubutu. In na bayar, sunana zai hau bangon da na yi ta hange, amma ba Ya Modu ne ya kai ni ba, kuma hannuna zai rabu da abu na ƙarshe da hannunsa ya saba da shi. In na hana, zan mai da shi ƙusa in ci gaba da kallonsa ni kaɗai, ranar da na bi Ya Modu kuma na san surukaina, da shi za su fifita wuta. Ran Litinin Bintu za ta dawo, ta ce za ta taho da safar hannunta ko da na amince.

Kai da ka zauna ka saurare ni har nan, tsakaninka da Allah, da a cinyarka yake, za ka miƙa mata ko za ka mai da shi ƙusa?